Keɓaɓɓun Kalmomin Aikin Talabijin da Fim a Hausa: Sharhi Daga Birnin Sakkwato

1.0 Gabatarwa

Duk fim ɗin Hausa idan ya ƙare akan jero sunayen waɗanda suka yi aikinsa, kowane da irin aikin da ya yi: Labari, Tsara Labari, Ɗaukar Hoto, Sauti, Haske, Kwalliya, Ci Gaban Shiri, Tacewa, Shiryawa, Ɗaukar Nauyi, Ba da Umarni. 'Yan kallo ba su cika tsayawa karanta wannan jeri ba. Amma ga mai nazarin harshe jerin nan wani ɗan ƙaramin ƙamus ne, wanda ba wani kwamiti da ya zauna ya tsara shi. Ma'aikatan gidajen talabijin da 'yan fim su ne suka yi ta ƙirƙirar sa da kaɗan-kaɗan, gwargwadon bukatar da ta taso musu.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a auna waɗannan kalmomi, a ga waɗanda suka zauna daidai da waɗanda suka gaza, tare da neman dalilin gazawar. An ɗauki birnin Sakkwato a matsayin wurin dubawa saboda abubuwa uku sun haɗu a cikinsa: tsohuwar tashar talabijin, da jami'ar da ake nazarin Hausa har zuwa digiri na uku, da kuma karin harshe wanda ya bambanta da daidaitacciyar Hausa. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa Hausa ta wadata da kalmomin abin da ɗan kallo yake gani, amma ta yi ƙaranci ƙwarai a kan abin da ma'aikaci yake yi, kuma tarihin sana'ar ne ya jawo haka.

2.0 Yadda Kalmomin Suka Shigo

Hoto mai motsi ya fara isa ga yawancin Hausawa ta hannun gwamnatin mulkin mallaka, wadda ta riƙa yawo da mota gari-gari tana haska finafinan tsafta da noma a ƙofar fada. Sunan da jama'a suka ba wannan abu shi ne majigi, kalmar da aka aro daga sunan wata tsohuwar fitilar haska hoto ta Turawa. A Kano har an kira shi dodon bango. Daga baya aka sami silima ko sinima, watau gidan kallo na kuɗi. Tun daga nan ana iya lura da cewa sunayen duka na mai kallo ne. Ba a sami sunan na'urar ɗauka ko na mai sarrafa ta ba, domin ba a gaban jama'a ake yin wannan aiki ba.

Talabijin ya fara a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, ya iso Kaduna cikin 1962. Sakkwato ta sami tata tashar cikin 1975, lokacin tana babban birnin Jihar Arewa maso Yamma, a shekarar da aka kafa jami'ar da daga baya aka raɗa wa sunan Usmanu Ɗanfodiyo. Dokar soja ta 1977 ta tattara tashoshin ƙasar duka a ƙarƙashin hukuma guda, watau NTA. Tashar Sakkwato ta yi suna da wasan kwaikwayo. A nan ne Peter Igho ya yi aiki kafin a ɗauke shi ya shirya Cock Crow at Dawn a Jos, kuma daga nan ne shirin Idon Matambayi ya riƙa fitowa da tsantsar Sakkwatanci.

Abin lura shi ne yadda aiki ya kasu a irin waɗannan tashoshi. 'Yan wasa Hausawa ne, da Hausa suke magana a gaban kyamara. Ma'aikatan da ke bayan kyamara kuwa sun fito daga sassa daban-daban na ƙasa, an horar da su da Ingilishi, takardun aikinsu da Ingilishi suke, kuma da shi suke ba juna umarni a ɗakin sarrafa na'urori. Makarantun koyon sana'ar da aka kafa a Jos su ma da Ingilishi suke koyarwa. Ke nan tun farko an raba wa harsunan biyu gona: Hausa a gaban kyamara, Ingilishi a bayanta.

Lokacin da finafinan bidiyo suka kunno kai da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano cikin 1990, sai Hausawa da kansu suka koma bayan kyamara. To, amma sun tarar da kalmomin Ingilishi sun riga sun kafu a wurin, don haka suka gaje su. Mujallun Tauraruwa da Fim, waɗanda suka yi tashe daga ƙarshen shekarun 1990, su ne suka fara rubuta waɗannan kalmomi a kai a kai, kuma a shafukan Tauraruwa ne Sunusi Shehu Daneji ya ƙirƙiro sunan Kannywood cikin 1999.

3.0 Hanyoyin da Aka Bi

Idan aka tattara kalmomin da ake amfani da su za a ga sun bi hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce aro tare da hausantarwa: fim, talabijin, bidiyo, kaset, kyamara, sutudiyo, darakta, furodusa, edita, lokeshan, sin, tirela.

Hanya ta biyu ita ce bayyana aikin da ake yi: mai ba da umarni, mai ɗaukar hoto, mai gabatarwa, tsara labari, ci gaban shiri.

Hanya ta uku ita ce faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma: tasha, shiri, faifai, allo, zango, haskawa, naɗar sauti, kai tsaye.

Aro ba abin kunya ba ne, kuma Sakkwato ta fi ko'ina sanin haka. Malaman ƙarni na 19, irin su Nana Asma'u da Isa ɗan Shehu, da suka rubuta waƙoƙi da Hausa, sun yi aiki da ma'aunin Larabci da kalmominsa, har baiti da ƙafiya da tahamisi suka zama na gida. Abin da ake auna keɓaɓɓiyar kalma da shi abu uku ne. Na farko, ta nuna abu guda tak a cikin fanninta. Na biyu, ta iya haihuwa, watau a sami jam'inta da sunan mai aikin da sunan sana'ar ba tare da wahala ba. Na uku, masu sana'ar su yarda su furta ta.

A bisa wannan ma'auni kalmar fim ta ci jarrabawa, domin ta haifi finafinai da ɗan fim da harkar fim. Haka nan kalmomin hanya ta uku su ne suka fi armashi. Tasha wurin tsayawar mota ce, ta zama wurin da mai murɗa akwati yake tsayawa. Faifai na kaba ne, kamanninsa suka sa aka ba garmaho sunan, daga nan ya wuce zuwa na bidiyo. Naɗar sauti ta samo asali daga zaren kaset da yake naɗuwa, kuma ta rayu bayan kaset ya kau. Zango kuwa, wanda asalinsa masaukin fatake ne a kan doguwar tafiya, ya dace ƙwarai da rukunin shirye-shiryen da ake nunawa kafin a huta a dawo, kamar yadda aka saba ji a Labarina da Kwana Casa'in na tashar Arewa24, wadda ta fara aiki cikin 2014.

4.0 Inda Aka Gaza

4.1 Tacewa

Babbar matsala tana ga kalmar tacewa. A jerin sunayen ƙarshen fim, tacewa ita ce aikin wanda yake zama gaban kwamfuta ya harhaɗa hotunan da aka ɗauko. A bakin hukuma kuwa, tacewa ita ce duba fim don a yarda ko a hana fitar da shi, kamar yadda ake kiran hukumar tarayya da aka kafa cikin 1993, da ta Jihar Kano da aka kafa cikin 2001, da sunan hukumomin tace finafinai. Saboda haka jimlar "an tace fim ɗin" tana da ma'ana biyu, kuma ɗaya daga cikinsu ta shafi doka. Ɗan kasuwar da ya tambaya ko an tace fim, aka amsa masa da e, yana iya sayar da abin da hukuma ba ta gani ba, alhali wanda ya ba shi amsa bai yi ƙarya ba.

Idan aka koma ga asalin kalmar za a ga wanda ya fi cancanta da ita. Mace tana tace gasara don ta raba ta da dusa. Aikin tacewa ke nan: a fitar da abin da ba a so. Wannan ya yi daidai da aikin hukuma. Aikin edita kuwa ya wuce cirewa. Shi ne yake zaɓar hoton da zai gabaci wani, da daƙiƙa nawa za a tsaya a kan fuska kafin a koma ga wata, da inda kiɗa zai shiga. Da hotuna iri ɗaya editoci biyu suna iya fitar da labari biyu. Wanda aka ce masa aikinsa tacewa ne, an rage masa daraja, an kuma ɓatar da ɗalibin da yake son fahimtar aikin. Bugu da ƙari kalmar ba ta haihuwa a nan, domin mataci ya riga ya zama sunan kayan aikin ɗakin girki. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar wa hukuma tacewa, a kira aikin edita harhaɗawa.

4.2 Jarumi da Tauraro

A Hausar asali jarumi shi ne namijin da ya tsaya a fagen fama, irin su Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo a tarihin Sakkwato. 'Yan fim sun ɗauki kalmar suka ba wanda labari ya rataya a wuyansa, kuma wannan faɗaɗawa ce mai ma'ana. Sai dai ba a tsaya nan ba. An wayi gari duk wanda ya fito a fim jarumi ne, ko da ɓarawo ya fito, ko da sau ɗaya ya gifta. Har akan ji jarumin barkwanci.

Kalmar tauraro ita ma ta rabu biyu. A ajin adabi tauraro shi ne mutumin da ke cikin labari, shi ya sa ake cewa babban tauraro da ƙananan taurari. A kasuwar fim kuwa tauraro shi ne ɗan wasan da ya shahara. Sakamakon haka ɗalibin da yake rubuta kundi a kan fim ba shi da kalmar da zai raba mutum mai rai da mutumin labari. Idan ya rubuta cewa jarumin ya ci amanar matarsa, mai karatu ba zai san ko labari ake nufi ko tsegumi ba. Wannan ruɗani bai tsaya a takarda ba. Sanannen abu ne cewa 'yan kallo sukan ɗora wa ɗan wasa halin da ya fito da shi, kuma harshen da bai raba su biyun ba yana ƙara wa wannan ɗabi'a ƙarfi.

Abin mamaki shi ne maganar yau da kullum ta riga ta warware matsalar. Bahaushe yakan ce wane ya fito a boka, ko wance ta fito a kishiya. A nan an raba mai fitowa da abin da ya fito a cikinsa sarai. Ya kamata masu nazari su tsaya a kan ɗan wasa ga mutum mai rai, tauraro ga mutumin labari kamar yadda aka saba koyarwa, jarumi kuma ga tauraron da ya ja ragamar labarin kaɗai.

4.3 Kashi da Fitowa

Rubutaccen wasan kwaikwayo, wanda Abubakar Tunau na lardin Sakkwato yana cikin waɗanda suka share masa fage da Wasan Marafa, ya bar wa makarantu kalmomi biyu na rabon wasa: kashi da fitowa. Da aka zo nazarin fim sai aka kwaso su yadda suke. To, amma kashi ya riga ya ɗauki wasu kaya. A zamanin kaset ana raba fim guda zuwa kashi na ɗaya da na biyu don ciniki. A shiri mai dogon zango kuma abin da ake nunawa kowane mako shi ne kashi. Ke nan kalma guda tana nufin abu uku a fanni guda.

Fitowa kuwa an gina ta a kan dandamali, inda 'yan wasa suke fitowa su koma. A fim ba fitowar ɗan wasa ce take raba labari ba, sauyin wuri ne ko na lokaci. Ana iya yin minti guda ana nuna rijiya da itatuwa ba tare da kowa ya fito ba. Wannan ne ya sa 'yan fim ba su karɓi kalmar ba, suka ci gaba da cewa sin.

Mafi muni shi ne ƙaramin yanki wanda daga shi ake gina fim duka, watau abin da kyamara ta ɗauka daga kunna ta zuwa kashe ta, ba shi da tsayayyen suna a Hausa. Wannan kamar a ce ana nazarin waƙa ne babu kalmar ɗango.

4.4 Shiryawa da Ɗaukar Nauyi

A gidan talabijin mai shiryawa ma'aikaci ne da ake biya albashi ya kula da shiri. A harkar fim kuwa furodusa sau da yawa shi ne mai neman kuɗi da tara ma'aikata, wani lokaci ma shi ne mai fim ɗin. An ba su suna guda. Haka nan ɗaukar nauyi tana nufin wanda ya zuba jarinsa a fim, tana kuma nufin kamfanin da ya biya kuɗin talla aka ce shi ya ɗauki nauyin kawo shiri. Na farko yana da haƙƙin mallaka, na biyu ba shi da shi. Duk ranar da aka rubuta yarjejeniya da Hausa, a kan waɗannan kalmomi za a yi jayayya.

Mai ba da umarni kuwa ta zauna a rubuce, amma ba ta zauna a baki ba. Dalili shi ne tsawonta, da kuma cewa ba ta haihuwa cikin sauƙi. Mashiryi da marubuci sun bi tsarin Hausa na sunan mai aiki, ita kuwa ta kasa. Shi ya sa a wurin aiki darakta da daraktoci ake ji. A nan babu dalilin yin faɗa da kalmar aro.

4.5 Giɓin Bayan Kyamara

Girman hoto, da kusurwar da aka ɗauke shi, da motsin kyamara, da yadda hoto yake narkewa cikin wani, duk waɗannan da Ingilishi ake faɗar su a wurin ɗauka, har da kalmomin fara wasa da tsayar da shi. Illar wannan giɓi ta fi bayyana a rubuce-rubucen nazari. Mai sharhin fim da Hausa yakan yi magana a kan jigo da zubi da salon magana da al'adun da aka nuna, watau duk abin da zai iya faɗa a kan littafi. Da wuya ya taɓa hoton kansa. Ba rashin ido ne ya hana shi ba, rashin kalma ne. Ta haka fim ya koma ƙagaggen labari mai motsi a hannun manazarta, aikin mai ɗaukar hoto da mai haske da mai harhaɗawa kuma ya ɓace daga sharhi.

Littattafan da ake da su ba su cike giɓin ba, domin ba don haka aka yi su ba. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya shirya cikin 1990 ya fuskanci nazarin harshe da adabi da koyarwa. Littafin McIntyre da Meyer-Bahlburg na 1991 ya tattara kalmomin da ake karanta labarai da su. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 kuwa na gama-gari ne.

5.0 Karin Harshe da Rubutu

Basakkwace da yake cewa hita da tahi a maimakon fita da tafi, haka zai yi wa fim da ofis, kuma wannan alama ce ta cewa kalmomin sun zama nasa. Ba a bukatar gyara masa furuci. Shirye-shiryen tashar Sakkwato sun nuna cewa karin harshen yana cikin abin da ya ba su daɗi. Abin da ake bukata shi ne daidaito a rubuce. Ana ganin talabijin da telebijin, finafinai da fina-finai, kyamara da kamara, sutudiyo da situdiyo, lokeshan da lokeshin, wani lokaci a shafi guda. Ga kuma maƙwabta na Ƙwanni da Tawa da Maraɗi, waɗanda suke kallon finafinan nan su ma, amma kalmominsu na aro daga Faransanci suke zuwa. Taron Yamai na 1980 ya daidaita ƙa'idojin rubutu tsakanin ƙasashen biyu, amma bai shafi kalmomin sana'a ba. Wannan ma wani dalili ne na fifita kalmar gida a duk inda aka same ta, domin harhaɗawa za ta wuce iyakar Illela ba tare da tafinta ba.

6.0 Kammalawa

Hanyar gyara ba sabuwa ba ce. Manazarta adabi sun ɗauko zubi daga masaƙa, Abdulƙadir Ɗangambo kuma ya ɗauko fiɗa daga mahauta ya yi wa waƙa, kuma kalmomin sun zauna saboda Bahaushe ya san aikin da suka fito daga ciki. Birnin da yake da dukawa da majema da maɗinka da magina ba zai rasa kalmomin yanka da haɗi da aune da daidaita launi ba. Ana iya fara gwaji da kaɗan: ɗauka ga abin da kyamara ta kama daga kunnawa zuwa kashewa, maimai ga sake ɗaukar abu guda, ɗaukar kusa da ta tsaka-tsaki da ta nesa ga girman hoto, narkewa ga shigar hoto cikin wani, harhaɗawa ga aikin edita. Kashi a bar wa shirin mako-mako, sin kuma a karɓe ta tunda masu sana'a sun riƙe ta.

Sai dai jerin da malamai suka tsara su kaɗai a ofis ba zai wuce ofis ba. Wajibi ne a fara da tattara abin da ma'aikata suke faɗa a wurin aiki, musamman tsofaffin ma'aikatan NTA Sakkwato da na Rima tun suna raye, sa'an nan a zauna tare da su da 'yan fim a tantance. Sashen Koyar da Harsunan Nijeriya da Cibiyar Nazarin Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna gari ɗaya da waɗannan tashoshi, don haka aikin ba ya bukatar doguwar tafiya. Kowace kalma da aka amince da ita a gwada ta a wuri biyu: a jerin sunayen ƙarshen shiri, da kuma a bakin darakta yana tsakiyar aiki. Wadda ma'aikata suka ci gaba da furtawa bayan an tashi daga taro, ita ce ta cancanci shiga ƙamus.